Tambayi Likita: Bitamin A, Juna Biyu da Gwajin Maganin Feshi

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso mana nan Yamai a wannan wata sun fito ne daga jihar Tawa, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, abu guda suka taɓo, wato bitamin A da danginsa, waɗanda masana ke kira retinoyid. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana ƙara haska ƴar uwarta.

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya Likita. Ni amarya ce a birnin Tawa, watana biyar da aure. Tun ina budurwa nake fama da ƙurajen fuska, sai wata ƴar uwata ta kawo mini kafso daga waje, an rubuta isotretinoyin a jikin kwalin. Na sha wata biyu, na daina sati biyu da suka wuce, amma har yanzu ina shafa wani mai da dare wanda aka ce yana da retinol. Ƙawata ta ce duk bitamin A ne, kuma yana lalata ciki. To ga shi ana ɗiga wa yaranmu jan kafson bitamin A a baki, uwar mijina kuma kullum tana cewa in ci hanta in samu jini. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki a lokacin da ya fi alheri. Zan fara da abin da ba ya jira. Kada ki sake haɗiye ko ƙwaya ɗaya ta wannan kafso, kada ki ba wata ragowar, kuma ki je gidan likita cikin wannan sati a yi miki gwajin ciki. Idan babu, ki yi shawara da maigidanki da ungozoma kan hanyar da za ki jinkirta ɗaukar ciki har wata guda cur ya cika daga ranar da kika sha ƙwayar ƙarshe, domin iyakar lokacin da aka ƙayyade ke nan kafin maganin ya fita daga jiki, a cikinsa kuma ba a ba da gudummawar jini. Idan gwajin ya nuna akwai ciki, ki ɗauki kwalin maganin da kwanakin da kika sha ki kai wa likitan mata, ko a Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta nan Tawa ko a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi da ke Yamai, kada tsoro ya sa ki yanke wani hukunci ke kaɗai.

Ƙawarki ta faɗi gaskiya, uwar mijinki ma tana da nata dalilin. Retinol shi ne bitamin A da muke samu a hanta da madara da man shanu da ƙwai. Jiki yana ajiye mafi yawansa a hanta, yana fitar da shi cikin jini kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin halitta kuma su juya shi zuwa wani sinadari mai ƙarfi da ake kira asid ɗin retinoyik. A shekarar 1987 ne Pierre Chambon a Faransa da Ronald Evans a Kaliforniya, kowane da tawagarsa, suka gano makullin da wannan asid yake buɗewa a tsakiyar ƙwayar halitta, inda yake tayar da wasu umarnin gado ya kwantar da wasu. A jikin ɗan tayi, asid ɗin yana da yawa a wani sashe, yana raguwa a hankali zuwa wani sashe, kuma da wannan bambanci ne kowace ƙwayar halitta take gane inda take da abin da za ta zama, kamar yadda matafiyi yake gane nisansa da ƙauye ta ƙarfin ƙarar dakan mata da ke iso kunnensa. Idan ƙarar ta ɗauke ɗungurungum, ya ɓata. Idan kuma ta cika daji daga kowace kusurwa da ƙarfi iri ɗaya, nan ma ya ɓata.

An ga ɓangarorin biyu tun da daɗewa. A 1933 wani mai bincike a Teksas, Fred Hale, ya hana wata alade mai ciki bitamin A, ta haifi ƴaƴa babu ƙwayar ido. Shekara ashirin bayan haka, a 1953, Sidney Cohlan ya ɗura wa ɓeraye masu ciki bitamin A fiye da kima, su ma suka haifi ƴaƴa da nakasa a kai da fuska. Isotretinoyin da kika sha ɗan wannan gida ne, an fara sayar da shi a Amurka a 1982, kuma yana warkar da ƙuraje masu tsanani ƙwarai. Sai dai a 1985 Edward Lammer da abokan aikinsa suka bi diddigin mata 154 da suka sha shi da ciki: 95 an kawo ƙarshen cikin, 12 sun yi ɓari, 26 sun haifi jarirai babu babbar nakasa, 21 kuwa sun haifi jarirai da nakasa a kunne ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ganɗa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daga sati na 3 zuwa na 8 bayan shigar ciki, lokacin da zuciya ke fara bugawa a wajajen kwana na 22, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka kuma yake rufewa kafin kwana na 28, alhali mace da yawa ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Wannan ne ya sa a ƙasashen da ake sayar da shi bisa ƙa'ida ba a miƙa wa mace sai da gwajin ciki da takardar likita, kuma raina yana ɓaci matuƙa idan na ga irin wannan magani yana shigowa cikin jakar tsaraba. Akwai wani ɗan uwansa, asitiretin, da ake bayarwa don wata cutar fata mai saɓa, wanda shi shekara uku ake jira bayan an daina shi.

Man da kike shafawa bai kai kafso haɗari ba ko kusa, domin abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne. Duk da haka hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yanke a 2018 cewa mai ciki da mai neman ciki su bar magungunan shafawa na wannan dangi don kandagarki, a 2024 kuma Tarayyar ta iyakance retinol a kayan kwalliya zuwa kashi 0.3 cikin ɗari, na shafawa a dukan jiki kuwa kashi 0.05. Ki ajiye shi har ki haihu. Haɗe-haɗen man bilicin da ake ɗurawa a kwalba babu takarda sun fi shi damuna, tunda wasunsu suna ɗauke da tiretinoyin, wani maganin wannan dangi, alhali mai shafawa ba ta sani ba.

Sai maganar hanta, wadda nake so ki fahimta da kyau don kada ki ɓata da uwar mijinki a banza. Tsofaffinmu sun san cewa hanta tana maganin dundumi, kuma sun yi daidai, domin dundumi alamar ƙarancin bitamin A ce, mai ciki kuma tana saurin kamuwa da shi a watannin ƙarshe. A ƙasarmu rashin wannan bitamin ya fi yawansa addabar mata da yara. Amma hanta rumbu ce: giram 100 na hantar rago ko ta saniya yana iya ɗaukar sama da ma'auni 15,000 na abin da ake rubutawa UI a kwalin magani, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin da za a ba mai ciki kada ya wuce UI 10,000 a rana ko 25,000 a sati. Binciken da Kenneth Rothman ya jagoranta a Bostan, wanda aka buga a 1995 kan mata 22,748, ya nuna ƙaruwar nakasa a wurin waɗanda ke shan ƙwayoyin da suka haura UI 10,000 kowace rana. A Birtaniya, inda abinci ya wadata, tun 1990 ake cewa mai ciki ta bar hanta gaba ɗaya. Ni a ganina, ƴar tsokar da mace ta ci jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ce a wurinmu, amma kada a mai da ita magani na kullum, musamman a watanni uku na farko da kuma kwanakin layya, lokacin da hanta ke yawaita a kowane gida. Don ƙarin jini, ƙwayoyin ƙarfe da folik asid da ake bayarwa wurin awon ciki su ne hanya. Zogale da kabewa da karas da mangwaro da manja kuwa ki ci iya son ranki, domin abin da ke cikinsu karotin ne, jiki kuma yana juya gwargwadon bukatarsa ne kawai ya bar saura.

Jan kafson yara yana da UI 200,000, ana ba ɗan wata 12 zuwa 59, shuɗin kuma UI 100,000 ne na ɗan wata 6 zuwa 11, kuma yana ceton idanu da rayukan yara. Nasu ne su kaɗai. Jan ya ninka iyakar mai ciki ta rana sau ashirin, saboda haka macen da take iya ɗaukar ciki kada ta haɗiye kason ɗanta da sunan neman ƙarfi.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni malamin gona ne, ina aiki da masu noman albasa a yankin Madawa da Galmi. Ina ganin mata masu juna biyu suna cirar ciyawa a garka kwana ɗaya bayan feshi. Ana ce mana maganin da aka amince da shi an gwada shi, to yaya ake gane ba zai taɓa ɗan da ke ciki ba, tunda ba a gwadawa a jikin mutane? Na kuma ji a wani taron horo cewa wasu magungunan suna shafar bitamin A.

Amsa: Barka kadai, Malam, Allah ya saka da wannan kula. Gwajin da ake yi a yau ya samo asali ne daga wata masifa. A 1957 aka fara sayar da talidomid a Jamus ta Yamma a matsayin maganin barci, mata masu laulayi suka riƙa shan sa, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu a ƙasashe da dama. Da aka koma ɗakin bincike sai aka tarar ɓera ba ya nuna irin wannan nakasa, zomo kuwa yana nunawa, daga nan ya zama ƙa'ida a gwada a kan dabbobi iri biyu.

Ƙungiyar OCDE ta haɗin kan ƙasashe don tattalin arziki da ci gaba, mai mazauni a Faris, ita ce ke tsara ƙa'idojin gwajin da yawancin ƙasashe ke karɓa. A ƙa'ida mai lamba 414, ana raba ɓeraye ko zomaye masu ciki rukuni-rukuni, kimanin 20 a kowane, a ba rukuni uku sinadarin a ma'auni daban-daban, a bar ɗaya babu komai don kwatanci, sannan ana gobe za su haihu a ciro ƴan tayin a duba nauyinsu da ƙasusuwansu da kayan cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida mai lamba 443, wadda aka amince da ita a 2011, ta fi nisa, domin ana fara ba iyaye sinadarin tun kafin barbara, a bi ƴaƴan har su balaga ana duba maniyyinsu da kwan haihuwarsu. Daga ma'auni mafi girma da bai nuna illa ba ake raba adadin, yawanci gida ɗari, a fitar da abin da ake ganin mutum zai iya ɗauka.

Aiki ne mai nauyi, kuma ya kare mutane da yawa, amma yana da giɓi, kuma dangin bitamin A ne suka fi bayyana giɓin. Isotretinoyin da na yi wa amarya bayani a sama sai an ɗura wa ɓera ninkin-ba-ninkin abin da ke nakasa ɗan mutum kafin ya nuna illa, saboda jikin ɓera yana saurin kawar da shi, mabiyiyarsa kuma ba ta barinsa ya ratsa sosai, yayin da biri da zomo suka fi kusa da mu. Bayan haka, gwajin yana nuna cewa nakasa ta auku ne, ba ya faɗin ta wace ƙofa ta shigo. Gwaje-gwajen da aka gina don gano sinadarai masu rikita saƙonnin jiki sun ta'allaƙa ne kan sinadarin mata da na maza da na maƙoshi da yadda jiki ke ƙera irin waɗannan, aka bar hanyar retinoyid a baya, har sai da OCDE ta fitar da wani dogon nazari a kanta a 2021 da nufin share fagen samar mata da gwaji nata na kanta.

Abin da ka ji a taron horo gaskiya ne. Dayoksin, wanda ke cikin hayaƙin bolar da ake ƙonawa da leda da roba, da kuma man PCB na tsofaffin taransifoma, suna zuƙe ajiyar bitamin A daga hantar dabbobin gwaji. Wasu magungunan feshi na cututtukan ganye daga dangin tiriyazol, irin su fulusilazol da tiriyadimefon, suna toshe sinadarin CYP26 wanda aikinsa shi ne rusa rarar asid ɗin retinoyik, sai asid ɗin ya taru, a ga ƴan tayin ɓera da nakasar fuska da muƙamuƙi mai kama da ta wanda aka cika wa bitamin A. Abin lura a nan shi ne uwar ba ta ci ko ɗigon bitamin na ƙari ba, magudanar kawai aka toshe. Wasu kuma suna shiga makullin da kansu: tiributiltin da ake zubawa a fentin jiragen ruwa ya sa matan dodon koɗin teku suna tsirar da gaban maza, har aka haramta shi a duniya daga 2008, wasu tsofaffin magungunan ƙwari kuma, ciki har da endosulfan, an ga suna motsa makullin a gwajin ƙwayoyin halitta. Kwamitin magungunan feshi na ƙasashen Sahel ya haramta endosulfan tun 2007, kafin yarjejeniyar Stockholm ta duniya kan sinadarai masu guba ta bi sahu a 2011. Yawancin waɗannan sakamako an same su ne a dabbobi da ma'auni mai yawa, don haka ba hujja ba ce ta cewa duk macen da ta ratsa garka ɗanta ya cutu. Sai dai ina da damuwa ta musamman kan matanmu, domin dabbar gwaji a ƙoshe take da ingantaccen abinci, macen da ke cirar ciyawa a fadama kuwa wataƙila ajiyar hantarta ta riga ta yi ƙasa kafin wani sinadari ya zo ya ƙara taɓa ta.

Masu bincike suna ƙoƙarin cike giɓin da hanyoyin da ke rage kashe dabbobi, kamar ƙwan wani ƙaramin kifi mai zane wanda ake kallon ginuwar gaɓoɓinsa cikin ƴan kwanaki, da ƙwayoyin halitta na asali da ake renonsu a faranti, da shirin Tox21 na Amurka da ya tace kusan sinadarai 10,000 da na'ura.

Duk wannan bayani ya shafi maganin da ya bi ta hannun kwamitin Sahel da ke zama a Bamako ƙarƙashin CILSS (ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari), wanda ke nazarin takardun gwaji kafin ya ba da lambar amincewa da ake bugawa a jikin kwalba. Wanda aka tsallako da shi ta kan iyaka aka ɗura a gorar lemo ana sayarwa ranar kasuwa, babu mai iya ce maka ga abin da ke ciki. Ka koya wa manomanka neman wannan lamba, kuma ka tsaya kai da fata cewa mai ciki ba ta dama magani, ba ta feshi, ba ta wanke tufafin mai feshi, ba ta shiga garka sai lokacin da takardar maganin ta ƙayyade ya wuce, jarkar magani kuma ba ta komawa ta ɗibar ruwan sha.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ina rubutowa ne a madadin mahaifina, makiyayi a yankin Abalak. Shanun da suka haihu a ƙarshen rani sukan ba da maruƙa marasa ƙarfi, wasu ba sa gani, bijimin ma ba ya ba da ciki kamar da. Ko wannan yana da alaƙa da rashin ɗanyar ciyawa?

Amsa: Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa idonsa ya ga daidai. Saniya tana samun bitamin A ne daga karotin na ɗanyen haki, tana tara shi a hanta da damina, ajiyar kuma tana ɗaukarta ƴan watanni kawai, busasshiyar ciyawar da rana ta toya kuwa kusan babu komai a cikinta. Idan ajiyar ta ƙare saniya tana da ciki, sai a ga ɓari, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, ko a haifi maraƙi makaho saboda ƙashin kansa ya matse jijiyar gani.

Bijimin ma abin ya shafe shi. Tun 1925 Wolbach da Howe suka nuna cewa namijin ɓeran da aka hana bitamin A yana daina yin maniyyi. Kafin ƙwayar haihuwa ta zama maniyyi ko kwai dole ta raba kayan gadonta biyu, a saniya daga 60 zuwa 30, a mutum daga 46 zuwa 23, kuma a maraina asid ɗin retinoyik ne yake ba da umarnin fara wannan tafiya zagaye bayan zagaye. A 2006 tawagar Peter Koopman a Ostireliya da ta David Page a Amurka sun ba da hujjar cewa shi ne kuma yake tayar da ƙwayoyin ƴa mace tun tana cikin uwarta, yayin da ɗa namiji yake rusa shi har zuwa balaga, ko da yake wasu bincike daga Faransa a 2020 sun ƙalubalanci ɓangaren mace. Na namiji dai ya tabbata, har masu neman ƙwayar tazarar haihuwa ta maza sun fara gwada wani magani mai toshe makullin da wannan asid yake buɗewa a kan mutane a Birtaniya a ƙarshen 2023.

Kafin a ɗora komai kan abinci, a kira likitan dabbobi ya ɗibi jini, domin cutar bakkale ma tana kawo ɓari da rashin ɗaukar ciki, tana kuma kama mutane ta ɗanyar madara. Idan ya tabbatar ƙarancin bitamin ne, akwai allurar AD3E, haɗin bitamin A da D3 da E, da ake yi wa shanu masu ciki da bijimin garke a tsakiyar rani, shi zai auna gwargwadon nauyin kowace dabba. Harawar da aka shanya a inuwa ta riƙe korenta ta fi wadda ta yi fari a rana, kuma inda akwai gawo a riƙa sassabo wa masu ciki ganyensa, tunda shi da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe nasu.